Tafiyar kwalekwale a dajin ruwan Everglades: tambayoyi da amsoshi

Everglades na can ƙarshen kudancin jihar Filorida a Amurka. Gandun daji ne da gwamnatin tarayya ta keɓe a 1947, faɗinsa ya kai eka miliyan ɗaya da rabi, kuma mafi yawansa mota ba ta shiga, ƙafa ma ba ta shiga. Ruwa ne da ciyawa da kurmin mangurof, wato itatuwan nan na bakin teku da saiwoyinsu ke tsaye a waje cikin ruwan gishiri. Ga tambayoyin da mai niyyar shiga da kwalekwale ya kwana a ciki yakan yi, haɗe da waɗanda ya kamata ya yi tun yana gida.

Wace hanya ake bi, kuma kwana nawa take ci?

Babbar hanyar sunanta Wilderness Waterway. Ta tashi daga garin Everglades City a arewa maso yamma ta dire a Flamingo a kudu, mil 99, kusan kilomita 160. Masu tuƙi da hannu sukan yi kwana takwas zuwa goma a kanta. Hanyar ba kogi ɗaya ba ce da zai ɗauke ka ya kai ka. Sarƙa ce ta koguna da tafkuna da ƙananan mashigai, inda ruwan daɗi da ke gangarowa daga arewa yake gamuwa da ruwan Tekun Meziko. Wasu sukan bar ta a wani wuri su fita ta bakin teku, su kwana a tsibirai, sannan su sake shigowa. Kwalekwale mai kaya yana cin kimanin mil biyu a awa idan babu iska, don haka mil 8 zuwa 12 a rana shi ne lissafin da ba zai ba ka kunya ba.

Ban taɓa yin irin wannan tafiya ba. In fara da babbar hanyar?

A'a. Ka fara da wuni ɗaya a Nine Mile Pond, zagaye ne na kimanin mil biyar da aka kakkafa wa alamomi. Daga nan ka gwada kwana ɗaya ko biyu a hanyar Hell's Bay, wadda ke tashi daga bakin titin da ke zuwa Flamingo. An kafa fararen sanduna sama da 160 masu lamba a cikinta, kuma masaukin Pearl Bay bai wuce mil huɗu daga inda ka ajiye mota ba. Hanyar ƙunci ce mai yawan kwana, za ta koya maka juya kwalekwale cikin saiwoyi, za ta kuma nuna maka ko tantinka da rishonka da abokin tafiyarka za su jure. Idan daga ɓangaren Everglades City kake, je ka Picnic Key ko Tiger Key ka kwana a yashi ka dawo. A can ne za ka fara ganin abin da cikowar teku da janyewarsa ke yi wa mai tuƙi.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Daga Disamba zuwa Maris, ko farkon Afrilu. Lokacin rani ne a can: zafin rana yakan tsaya wajen digiri 25, dare kuma ya sauka wajen 12. Daga Mayu zuwa Nuwamba damina ce, da tsawa kusan kullum da yamma, da sauron da ba ya misaltuwa. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba kuma lokacin mahaukaciyar guguwar teku ne. Guguwar Katrina da Wilma sun rushe masaukin baƙi na Flamingo a 2005, Irma kuma ta ɓata ofishin baƙi na Everglades City a 2017. Wanda yake cikin kwalekwale ba shi da abin da zai yi a irin wannan wuri a irin wannan lokaci.

Kar ka ji an ce Filorida ka bar rigar sanyi. Iskar arewa na iya saukowa a Janairu ta mai da dare ƙasa da digiri 5, kana jiƙe, kana tsakiyar ruwa.

Kada fa? Ba za su kife mana kwalekwale ba?

Wannan ce tambayar da kowa ke farawa da ita, kuma ita ce mafi sauƙin amsawa. Kudancin Filorida ne kaɗai wuri a duniya da aligeto, wani ɗan'uwan kada, da kadan Amurka suke zaune tare. Aligeto ya fi son ruwan daɗi, baƙi ne mai faɗin baki; kadan kuma yana ruwan gishiri wajen Flamingo da Cape Sable, jikinsa ya fi haske, bakinsa ya fi tsini. Dukansu sukan kauce wa jirgi. Hukumar gandun ta ce a bar aƙalla ƙafa 15 tsakani, wato kusan mita biyar, kuma ba su abinci laifi ne. Wanda aka saba jefa wa guntun kifi shi ne mai haɗari, domin ya daina gudun mutum. Kar ka yi iyo, kar ka saki hannu ko ƙafa a ruwa, musamman da magariba, kuma kar ka gyara kifi a inda za ka kwana. Akwai kifin shak a bakin kogunan, yana shigowa ciki sosai. Mesar ƙasar Burma da ta yaɗu a dajin ta cinye ƙananan dabbobi da yawa, amma da wuya ka gan ta.

Abubuwan da ke ɓata tafiya a zahiri huɗu ne: ƙishirwa, iska, janyewar ruwa, da ɓatan hanya. A kansu ya kamata shirinka ya tsaya.

Ruwa ya kewaye ni ta ko'ina, me ya sa ake ta maganar ruwan sha?

Saboda ruwan da ya kewaye ka na gishiri ne ko gauraye, kuma matatar ruwan da 'yan hawan dutse ke ɗauka ba ta cire gishiri. Daga inda ka tashi har inda ka sauka babu famfo, babu rijiya, babu shago. Ƙa'idar hukumar ita ce galan ɗaya ga mutum ɗaya a kowace rana, wato lita 3.8, sha da girki duka a ciki. Yi lissafi: mutum biyu, kwana tara, galan 18. Ƙara biyu don ko-ta-kwana, sun zama 20. Lita 76 ke nan, kilo 76, nauyin mutum na uku a cikin jirgin. A ganina duk shirin tafiyar daga wannan lissafi yake farawa, domin shi zai faɗa maka irin jirgin da za ka ɗauka da yawan kwanakin da za ka iya yi. Wanda ya fara zana hanya a taswira kafin ya auna ruwansa ya fara daga ƙarshe.

Sannan a wane mazubi? Akwai wata dabba da ake kira rakun, girmanta ya ɗan fi na muzuru, da baƙin zane a idanu da hannaye masu buɗe murfi. A rani ita ma ƙishirwa take ji. Da dare takan zo masauki ta huda robar ruwa mai laushi da haƙori, ka tashi da safe ka tarar yashi ya shanye ruwan kwana uku. Don haka jarkoki masu kauri za ka saya, ka raba ruwan cikin da yawa maimakon ɗaya babba, abinci kuma ya shiga akwati mai tauri da ake ɗaurewa. Ɓeraye ma suna nan a masaukan tudu. Mai kayak, wato siririn jirgi mai rufaffen sama, ya rufe ma'ajiyar jirginsa da kyau kafin ya kwanta.

Yaya cikowa da janyewar teku suke shafar tafiyar?

Ruwa yakan ciko sau biyu ya janye sau biyu a kusan kowace rana, kuma lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50 kullum. Idan yana cikowa, kogunan da ke fita teku sukan koma gudu zuwa ciki; idan yana janyewa, su juya. Wanda ya tashi daidai, ruwa zai tura shi. Wanda ya tashi a karkace zai yi awa uku yana zuba ƙarfi a filafili, itacen da ke gefensa bai gusa ba. Don haka sai ka buga jadawalin cikowar ruwa na kwanakin tafiyarka a takarda, ka sa a leda, ka rubuta lokacin tashi na kowace safiya tun kana gida. Wata rana zai kama ka tashi da asuba, wata rana ka zauna har hantsi.

Jadawalin na bakin teku ne. Can cikin tafkuna ruwan yakan makara da awanni, kuma iska mai ƙarfi daga arewa ko gabas tana kore ruwa waje ta sa janyewar ta fi yadda aka rubuta. Mai bin lissafin watan Musulunci yana da sauƙi a nan: a kwanakin tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, wajen 14 da 15, cikowa ta fi yawa, janyewa ma ta fi nisa.

Idan ruwa ya janye a bakin tsibiran, abin da ke bayyana laka ce mai haɗiye ƙafa har gwiwa, da tuddan ɓawon kawa masu yanka tafin ƙafa da ƙasan jirgi. Tafkin Chokoloskee, wanda shi ne farkon abin da za ka ratsa daga Everglades City, cike yake da su. Sa takalmi mai rufe yatsu, kar ka taka da silifa. Akwai kuma wani mashigi tsakanin Kogin Broad da Kogin Harney da ake kira Nightmare: rami ne cikin mangurof, rassa sun haɗe a sama, kuma ba ya biyuwa sai ruwa ya cika. Wanda ya shiga a makare zai zauna cikin laka da sauro har cikowa ta gaba. Idan lokacin bai yi maka daidai ba, ko ka jira, ko ka zaga ta teku idan ya kwanta.

Iska fa?

A rani ta fi busowa daga gabas ko kudu maso gabas, tana ƙaruwa bayan hantsi. Idan sanyin arewa zai sauko kuma, takan juya ta dawo daga arewa maso yamma da ƙarfi, ta yi kwana ɗaya ko biyu. Manyan tafkuna irin Whitewater Bay ba su da zurfi, shi ya sa iska kaɗan ke tayar musu da igiyoyi gajeru masu bugun gefen jirgi. Masu tuƙi da yawa sukan kauce masa su bi ta Kogin Joe, inda itatuwa ke tare iska. Ka tashi da sassafe, ka ratsa buɗaɗɗen ruwa kafin azahar, ka saurari hasashen yanayi a rediyo kowace yamma.

A ina ake kwana?

Masaukai iri uku ne, kuma ba a kwana sai a cikinsu.

Na farko shi ne ciki, wanda ake rubutawa chickee, dandamalin katako ne mai rufi da aka kafa a kan turaku cikin ruwa, an ɗauko fasalinsa daga rumfunan mutanen Seminole da Miccosukee, 'yan asalin yankin. Faɗinsa kimanin ƙafa 10 ne da 12, kamar rumfar mai shayi da aka dasa a tsakiyar tafki, da ɗan banɗaki a gefe. Babu ƙasa ko taki ɗaya. Ba a buga ƙusa ko turke, don haka tantinka ya zama mai tsayuwa da kansa, ka ɗaure kusurwoyinsa da igiya a jikin ginshiƙai. Dare ɗaya ake yi a kowanne. Abu biyu sukan ba sabon zuwa wahala. Hawa da kaya idan ruwa ya janye, domin katakon na iya fin kanka tsawo kana zaune a jirgi, tsanin kuma da santsi. Sai ɗaurin jirgi: idan ka ɗaure shi tamau, ruwa ya janye cikin dare, za ka same shi a rataye, idan ka saki igiya da yawa, ya shige ƙarƙashin dandamalin, ruwa ya ciko ya danne shi. Ɗaure gaba da baya, ka bar sassauci daidai, ka duba kafin ka yi barci. Cokali ko wuƙa ko waya da ta faɗi tsakanin katakai ta tafi ke nan.

Na biyu masaukan tudu ne a gefen koguna. Da yawansu tulin ɓawon kawa ne da mutanen Calusa suka tara tun ƙarnuka kafin zuwan Turawa, daga baya wasu suka zauna a kai suka yi noma. Watson Place a Kogin Chatham gonar rake ce ta Edgar Watson, wanda maƙwabtansa suka harbe a Chokoloskee a 1910. Har yanzu akwai tankin ruwan siminti da tukunyar dafa rake a wurin. Tarihi na nan, amma sauro ya fi yawa a irin waɗannan masaukai saboda itatuwa sun tare iska. Kar ka ɗauki ko ɓawo ɗaya, doka ta hana, kuma kayan mutanen da suka riga mu ne.

Na uku bakin teku: Pavilion Key, Rabbit Key, Highland Beach, da yashin Cape Sable, inda babban yankin Amurka ya ƙare ta kudu. Su ne mafi daɗi idan akwai iska. Ja jirginka sama da layin ciyawar da ruwa ya tara, ka kuma ɗaure shi.

Ana buƙatar izini?

Ƙwarai. Duk kwana a cikin dajin sai da takardar izini, kuma tana ɗauke da sunan masaukin kowane dare. Ana neman ta a shafin Recreation.gov, wanda ke buɗe wa mutum wata uku kafin ranar tashinsa. Ana biyan kuɗin takardar, da wani ɗan kuɗi na kowane mutum a kowane dare, ban da kuɗin shiga gandun. Masaukan da ke kan ruwa ba sa ɗaukar mutane da yawa, kuma na kusa sukan cika da wuri a ƙarshen Disamba da ranakun hutu, don haka ka tanadi hanya ta biyu a rubuce kafin ka zauna gaban kwamfuta. Mai son kamun kifi sai ya yanki lasisin jihar Filorida daban. Ba a shiga da kare.

Kwalekwale ko kayak?

Kwalekwale ya fi ɗaukar kaya, ya fi sauƙin hawa dandamali, amma iska na wasa da shi. Kayak ya fi sauri, ya fi jure igiyar ruwa, sai dai cusa galan goma na ruwa a cikinsa aiki ne. Mutum biyu masu bin hanyar ciki, kwalekwale. Mai son bakin teku, kayak. Ko wanne ka ɗauka, ka tafi da filafili na ajiya, da abin kwarfe ruwa, da soso, kuma rigar kariya daga nutsewa ta kasance a jikinka, ba a ƙarƙashin kaya ba. Ana samun haya a ɓangarorin biyu.

Da waya a hannuna, zan iya ɓata?

Za ka iya. Da zarar ka yi nisa da gari sabis ya ɗauke. Kuma daga kujerar kwalekwale duk mangurof iri ɗaya ne: koren bango mai tsawo ɗaya, tsibiri ya haɗe da na bayansa, mashigin da ke fili a taswira ba ka ganinsa sai ka zo bakinsa. Alamomin babbar hanyar suna da lamba, amma suna da tazara, kuma guguwa kan tumɓuke wasu. Ka riƙe taswirar ruwa wadda ba ta jiƙewa a kan cinyarka, da kamfas, ka riƙa bin kowane lungu da yatsa kana tafiya. Na'urar GPS taimako ce babba, ka kai mata batir na ajiya, amma kar ta zama ita kaɗai ce idonka. Don neman agaji, ɗauki rediyon jiragen ruwa, tasha ta 16 ita ce ta masu gadin teku, ko na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Kafin ka tashi ka bar wa wani na gida takarda mai sunayen masaukanka da ranar fitowarka da lambar ofishin gandun.

Sauro ya kai yadda ake faɗa?

A damina ya wuce. A rani da sauƙi, amma dare mai ɗumi marar iska na iya fito da shi ko a Janairu. Ga kuma ƙyashi, wanda ke ratsa gidan sauro na gama-gari da asuba da magariba, don haka ragar tantinka ta zama mai ƙananan ido sosai. Riga mai dogon hannu, dogon wando, ragar rufe fuska, da maganin shafawa mai sinadarin DEET. Ka gama girki da cin abinci kafin rana ta faɗi.

Yaya zan yi da salla da alwala?

Alwala da ruwan teku ta inganta, hadisi ya tabbatar da tsarkinsa, don haka ba sai ka taɓa ruwan shanka ba. Amma kar ka durƙusa a bakin ruwa kana wanke hannu. Ɗaura igiya a ƙaramin bokiti, ka ɗebo daga kan dandamali, ka zuba a buta, ka koma tsakiya. Gishirin zai bushe a fata ya sa ƙaiƙayi, sai ka goge fuska da ɗan tsumma mai ruwan daɗi. Alƙibla daga kudancin Filorida arewa maso gabas take, wajen digiri 56 daga arewa, ba gabas sak ba. Kamfas ɗin da ke nuna maka hanya zai nuna maka ita. Tsakanin masauki da masauki sau da yawa babu inda za ka sa ƙafa, saiwoyi ne kawai da laka. Shi ya sa tashi da sassafe ke da amfani biyu: ka tsere wa iska, ka kuma isa masauki lokacin azahar bai fita ba. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, ka tambayi malaminka tun kafin tafiya.

Abinci da wuta?

Risho na gas. Ba a hura wuta a kan dandamali ko a masaukan tudu. A bakin teku kaɗai aka yarda, ƙasa da layin cikowar ruwa, da busassun itatuwan da suka faɗi. Ƙanƙara ba ta wuce kwana biyu zuwa uku, don haka ka dogara da abin da ba ya lalacewa kuma ba ya shan ruwa da yawa wajen dahuwa: garin kwaki, kuskus, dabino, gyaɗa, kifin gwangwani, madarar gari. Duk sharar da ka yi da ita za ka fito.

Idan na sauka a Flamingo, wa zai kawo min motata?

Tsakanin Everglades City da Flamingo ta titi tafiyar awa uku ce zuwa huɗu, domin sai ka zaga ta garin Homestead, daga ƙofar gandun kuma akwai sauran mil 38. Ko ku je da mota biyu, ko ka biya masu hayar jirage su kai maka, ko ka shirya tafiyar zagaye da za ta dawo da kai inda ka tashi. Ungulayen wurin sukan yage robar gilashin mota, don haka ka lulluɓe ta da tamfol.

Duk wannan wahala, me zan gani?

Ayu yana fito da hanci ya ja numfashi a gefen jirginka, ɗan'uwan wanda masuntan Binuwai da Kwara suka sani. Dolfin, dabbobin teku masu siffar babban kifi, suna koro kifi zuwa gaɓa. Kwasakwasa farare a jere kan yashi, da zalɓe, da wani tsuntsu ruwan hoda mai baki kamar ludayi. Wannan kurmin mangurof yana cikin mafiya girma a nahiyoyin Amurka, kuma tun 1978 doka ta hana gina titi ko gida a kusan eka miliyan 1.3 na gandun. Jiragen inji na masu kamun kifi suna wucewa ta wasu sassan, amma akan yi wuni ba a ga kowa ba.

Idan iska ta hana ni isa masaukin da ke takardata fa?

Ka zauna inda kake. Takarda ba ta kai ranka ba, kuma jami'an gandun sun fi son su ji ka makara da su fito nemanka. Idan masu izinin wurin suka iso, ka gaishe su, ka yi musu bayani, ka matsa musu su zaɓi wuri, in da hali ka sanar da ofis ta rediyo ko saƙo. Maganin wannan tun a gida ake yinsa: ka sa gajerun ranaku a tsakiyar tafiyar, ka yanki dare biyu a wani masaukin tudu ko na bakin teku inda aka yarda da hakan, kar kuma ka sayi tikitin jirgin sama na washegarin ranar fitowarka. Ruwan sha da abincin kwana ɗaya ko biyu da ka ƙara a lissafi, don irin wannan rana ka ɗauko su.